Amfanin Koyon Karin Maganar Tonawa

Ya ku yara, ku ɗauko taswirar Afirka ta Yamma ku ɗora yatsa a kan Kano. Ku ja shi yamma maso kudu, ku ƙetare kogin Kwara, ku ratsa ƙasar Bargu, ku bi ta Yandi, za ku iske wani gari ana ce da shi Salaga, a arewacin ƙasar Gana. Wannan ita ce hanyar Gwanja, wadda kakanninmu fatake suka riƙa bi wata da watanni, da jakunansu ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, su komo da goro. Shi goron nan kuwa ba a Salaga yake fita ba. Daga kurmin kudu ake kawo shi, daga ƙasar mutanen Asante, waɗanda fatake suke kira Tonawa. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a shekarar 1892, sai fatake da yawa suka gangara kudu, suka kafa zango a Kumasi da waɗansu garuruwa. Har yau jikokinsu suna can, unguwanninsu kuma ba su da wani suna a bakin mutanen ƙasar sai zango.

Su Tonawa reshe ne na wata babbar al'umma da ake kira Akan. A cikinta akwai Asante, da Fante, da Akyem, da Akuapem, da Bono, da waɗansunsu. In an haɗa su duka sun kusa rabin mutanen Gana, suna kuma da dangi a ƙasar Kwaddibuwa. Harshen da Asante da Akyem da Akuapem suke yi shi ake kira Twi. Yaron da aka haifa a zangon Kumasi da harshe biyu yake tashi, Hausa a cikin gida, Twi a waje. Ya iya ciniki da shi, ya iya wasa, ya iya faɗa. To, amma ni a ganina bai gama iya harshen ba tukuna, sai ran da ya san karin maganar mutanen. Bari in gaya muku abin da ya sa na ce haka.

Wata shekara aiki ya kai ni Kumasi, na sauka gidan wani dattijo mai sayar da goro. A gidan akwai wani baƙo da bai daɗe da zuwa daga ƙasar Hausa ba, bai ji Twi ba tukuna. Ran nan sai ɗansa ya shigo da kuka, wai wani maƙwabci Batone ya tsula masa bulala biyu, don ya same shi yana jifar mota da dutse. Uban ya fusata, ya ɗauki wani saurayi haifaffen zango don ya yi masa tafinta, suka tafi ƙara wurin babban unguwar. Ni ma na bi su. Da tsohon ya gama sauraron kowa, sai ya yi shiru kaɗan, kana ya ce, "Akokɔ nan tia ba, na ɛnkum ba." Saurayin nan ya juya ya ce wa uban yaro, "Wai kaza ta taka ɗan tsako, amma bai mutu ba."

Ai kuwa sai mutumin nan ya miƙe tsaye, ya ce, "Ni na zo da maganar ɗana, shi yana yi mini zancen kaji? Ko ɗan nawa ne tsako?" Da ba don mai masaukina yana wurin ba, da zama ya watse da ɓacin rai. Shi ne ya riƙo hannunsa ya ce, "Zauna, Malam, ba zaginka aka yi ba, girmama ka aka yi. Tsohon nan cewa ya yi ƙafar kaza takan taka ɗanta, amma ba ta kashe shi. Watau maƙwabcinka ya ɗauki ɗanka tamkar nasa, horon uba ya yi masa. Ashe mu ma ba mukan ce ɗa na kowa ne ba?" Nan take mutumin ya sauko, aka yi musafaha, aka raba goro.

Ku duba fa, saurayin nan bai yi kuskuren kalma ko ɗaya ba. Kaza ya ji, kaza ya faɗa. Abin da ya ɓace masa shi ne abin da aka naɗe a cikin maganar, saura kaɗan kuma rashin saninsa ya raba maƙwabta biyu.

A harshen Twi karin magana ɛbɛ ake ce da shi, in da yawa kuwa mmɛ. In mutum ya kawo karin magana sai su ce ya bu bɛ, ita kalmar bu kuwa ma'anarta karyawa ko lanƙwasawa. Wannan abin mamaki ne, gama mu ma kari muka ce, kamar yadda ake karya tufa a ninke ta. Mu da su duk mun gane cewa karin magana zance ne da aka ninke, sai mai hankali ya warware. Suna ma da wani da ke cewa, "Ɔba nyansafo yɛbu no bɛ, yɛnka no asɛm," watau ɗa mai hankali da karin magana ake yi masa zance, ba sai an fito masa fili ba.

A ƙasar Akan karin magana ya wuce abin hira, gama da shi ake mulki da shari'a. Sarkinsu ba ya yi wa jama'a magana kai tsaye a bainar taro. Yana da wani bafade da ake kira ɔkyeame, shi ne mai magana da yawunsa. Sarki ya faɗa masa a hankali, shi kuma ya gyara zancen, ya ƙawata shi da karin magana, kana ya isar. Haka kuma duk mai magana da sarki ta bakin ɔkyeame yake bi. A hannunsa akwai doguwar sanda, a bisa kanta an sassaƙa wata sura, an lulluɓe ta da zinariya. Kowace sura kuwa karin magana ce. In ka ga hannu riƙe da ƙwai, ana nufin mulki kamar ƙwai yake, in ka matse shi ya fashe, in ka yi masa riƙon sakainar kashi ya faɗi. In ka ga kawuna uku a haɗe, ana nufin "Ti koro nkɔ agyina," watau kai ɗaya ba ya shawara. In ka ga mutum biyu a gaban akushi, ɗaya yana ci ɗaya yana kallo, ana nufin abinci na mai shi ne, ba na mai jin yunwa ba, ana jan kunnen wanda ke neman sarautar da ba ta gidansu ba. Saboda haka tun ɔkyeame bai buɗe baki ba, ɗan ƙasa ya karanta saƙon a kan sanda. Baƙo kuwa sai ya ce, "Kai, sandan nan da kyau take!" ya wuce.

Haka abin yake a kasuwa a zamanin da. Har wajen ƙarshen ƙarni na 19 garin zinariya shi ne kuɗin Asante, ana auna shi a kan ɗan ma'auni da waɗansu 'yan duwatsun awo na tagulla. Maƙeri yakan fara siffanta abin da kakin zuma, ya rufe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya zube, sa'an nan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da yawa daga cikin duwatsun awon nan siffar karin magana gare su. Akwai kada biyu da suka gitta juna, kai biyu, ciki ɗaya, amma suna faɗa a kan abinci. Wannan gargaɗi ne ga 'yan uwa masu rigima a kan abin da duk gida ɗaya zai shiga. Akwai kuma tsuntsun da ya waiwaya baya, ana ce da shi sankɔfa, yana koyar da cewa in ka manta abu ka koma ka ɗauko, ba abin kunya ba ne.

Irin waɗannan alamu ana buga su a jikin zane, shi ne ake kira adinkra. A garin Ntonso, kusa da Kumasi, har yanzu ana sassaƙa hatimi da ɓallin ƙwarya, a tsoma shi cikin baƙin rinin da aka dafa daga ɓawon itace, a danna a kan ƙyalle. Ɗaya daga cikin alamun sunanta haƙori da harshe, ma'anarta kuwa ba ta buƙatar tafinta a wurin Bahaushe, gama mu ma mun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Har ganga ba a bar ta a baya ba. Twi harshe ne mai hawa da saukar murya kamar Hausa, don haka tagwayen gangunan nan nasu da ake kira atumpan suna iya kwaikwayon magana, kamar yadda kalangu ke yi a wurinmu, mai kiɗa kuma yakan kaɗa karin magana, masu kunne su ji.

Kun ga ke nan, wanda bai san karin maganar Akan ba yana tafiya a Kumasi tamkar wanda bai iya karatu ba a cikin ɗakin littattafai. Su da kansu sun ce baƙo idanunsa manya-manya ne, amma ba ya ganin gari. Mu kuma muka ce baƙo ko da ido makaho ne. To, ya kamata a ce mutanen da kakanninsu suka sauka a wuri tun fiye da shekara ɗari har yanzu suna zaman makafi?

Wani amfanin kuma shi ne karin magana yakan nuna maka inda al'adarku ta rabu da ta maƙwabcinka, don kada ka taka shi ba ka sani ba. Ga misali. Akan suna da karin maganar da ke cewa ran da uwarka ta mutu danginka sun ƙare. Bahaushe in ya ji wannan sai ya ce, ina dangin uba? Amsar ita ce su ta wajen uwa suke lissafin zuriya, abin da suke kira abusua. A bisa al'adarsu ta asali ɗan 'yar uwar mutum shi ke gadonsa, sarauta ma ta ɗakin uwa take bi. A shekarar 1985 gwamnatin Gana ta yi dokar gado wadda ta ba mata da 'ya'yan mamaci rabo in ya mutu bai bar wasiyya ba, amma lissafin dangi da na sarauta yana nan ta wajen uwa. Yaron da ya fahimci wannan karin magana guda ɗaya ya fahimci dalilin da ya sa abokinsa yake girmama kawunsa kamar uba.

Na san akwai iyayen da ba su yarda da ni ba, ya kuma kamata a saurare su. Waɗansu sukan ce, "Hausar yaran nan ma ta fara raurawa, in an ƙara musu da karin maganar wasu ai sai ta zube." Tsoron nan yana da dalili, gama na ji yaran zango da ba su iya kawo karin maganar Hausa biyar a jere ba. Amma abin da na gani a aji shi ne, da zarar ka ba yaro karin maganar Twi ka ce ya nemo ɗan uwansa a Hausa, sai ya ruga gida wurin kakarsa. Ka ce masa Tonawa sun ce "Ɔkɔtɔ nwo anoma," ƙaguwa ba ta haifar tsuntsu, gobe sai ya komo maka da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da jifa ɗaya ya sami biyu, da ba a tambaye shi ba kuwa da ko ɗaya bai samu ba.

Waɗansu kuma sukan ce akwai karin maganar da ke ambaton abubuwan bautar gargajiya, suna gudun kada su taɓa imanin yaro. Gaskiya ne akwai irinsu. Amma sanin abin da maƙwabcinka yake nufi daban, bin addininsa daban. Kakanninmu malamai sun zauna da mutanen nan, sun ji harshensu, ba su bar sallarsu ba. Mafi yawan karin maganar kuwa a kan haƙuri ne, da ladabi, da riƙon amana, da aiki. Akwai ma wanda ke cewa, "Obi nkyerɛ abofra Nyame," watau ba wanda ke nuna wa yaro Allah, gama samuwarsa a bayyane take ga kowa. Wane uba ne zai ƙi ɗansa ya ji wannan?

Akwai kuma masu cewa Turanci ya isa, tun da shi ne harshen gwamnati a Gana. Lalle Turanci yana da amfani a ofis da jarrabawa, ku dage ku koye shi. Amma ran da aka yi rasuwa a gidan maƙwabci, ko aka zauna sasanta rikicin fili a gaban sarki, ko aka je neman alfarma wurin manyan matan kasuwa, da Twi za a yi, mai karin magana a bakinsa kuma shi ake saurara.

To, ta yaya ake koyo? Littattafai suna nan, suna kuma da taimako. Wani Bajamushe mai aikin mishan, J. G. Christaller, ya tara karin maganar Twi 3,600 aka buga a shekarar 1879. A shekarar 1916 wani jami'in mulkin Ingilishi, R. S. Rattray, ya zaɓi fiye da 800 daga cikinsu ya fassara da Turanci. Shi Rattray ɗin nan ne kuma ya fitar da littafin tatsuniyoyi da karin maganar Hausa a 1913, daga rubutun ajami na wani malami Bahaushe. A zamaninmu kuma Peggy Appiah da ɗanta Kwame Anthony Appiah da Ivor Agyeman-Duah sun fitar da littafi mai suna Bu Me Bɛ, mai ɗauke da fiye da 7,000. Amma ina gargaɗinku, kada ku zaci haddace jerin karin magana shi ne iyawa. Tonawa suna ba da labarin wani da ya je wurin tsoho ya ce a jero masa karin magana. Tsohon ya ce masa ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya tambaye shi, "Wane mafarki ka yi?" Ya ce, "Baba, ai ban yi barci ba, ina zan yi mafarki?" Tsoho ya ce, "To, haka karin magana yake, sai magana ta taso yake zuwa."

Saboda haka hanya ta fari ita ce sauraro. In manya suna sasanta wata magana, aka kuwa yarda yaro ya zauna, ya zauna a gefe ya kasa kunne. In ya ji karin magana ya riƙe abu uku: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, me kuma ya faru kafin a faɗa. Bayan an tashi ya sami wani babba ya tambaye shi cikin ladabi.

Hanya ta biyu ita ce sanin ladabin abin. A wurinsu, kamar a wurinmu, ba kyau yaro ya riƙa jifar babba da karin magana. In ya zama dole, sai ya fara da kalmar sɛbe, watau a gafarce ni, kana ya jingina zancen ga magabata ya ce dattawa ne suka faɗa, kamar yadda mukan ce masu iya magana sun ce. Wanda ya kiyaye wannan shi ne yaron da suke cewa in ya iya wanke hannunsa da manya yake cin abinci.

Hanya ta uku ita ce tatsuniya, gama karin magana da yawa daga cikinta suka fito. Gwarzon tatsuniyarsu sunansa Ananse, shi ne gizo-gizo, halinsa kuwa sak na Gizonmu, ga wayo ga haɗama. Sun ce wata rana ya tattara hikimar duniya duka ya zuba a tukunya, ya ɗaura ta a cikinsa, zai hau itace ya ɓoye don kada kowa ya samu. Ya yi ta fama, tukunya ta hana shi hawa. Sai ɗansa Ntikuma da ke kallo ya ce, "Baba, da ka mai da ita baya ai da ka hau." Ananse ya ga ashe akwai sauran hikima a waje, har a kan ɗan yaro. Haushi ya kama shi, ya saki tukunya ta fashe, hikima ta watsu ko'ina. Shi ya sa suke cewa hikima ba a kan mutum ɗaya take ba.

In ba a kan mutum ɗaya take ba, to, ba a harshe ɗaya take ba. Don haka ga aikin da na ba ku. Kowa ya sami ɗan littafin rubutu, ya raba kowane shafi gida uku. A gida na fari ya rubuta karin maganar da ya ji, a na biyu ya rubuta lokacin da aka faɗe shi da dalilin, a na uku ya rubuta ɗan uwansa na Hausa in akwai. In babu, ya bar wurin fili, gama filin nan shi ke nuna masa sabon abin da ya koya. Ɗaya a mako ya isa, kafin shekara ta zagayo ya tara 52. Ku kuma malaman makaranta, ina roƙonku ku ba abin nan 'yan mintoci a ƙarshen mako, ku gayyato wani tsoho ko tsohuwa daga cikin gari su zo su warware wa yara abin da ya shige musu duhu.

Ku da ke karanta wannan a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, waɗanda ba ku da Batone kusa, kada ku ce ba da ku ake ba. Kowannenku yana da maƙwabci mai wani harshe, ko Bafulatani, ko Babarbare, ko Banufe, ko Bazabarme, kowannensu kuma yana da tasa tukunyar. Gobe in kun gaishe shi, ku roƙe shi ya ba ku karin magana guda ɗaya, ya kuma gaya muku ranar da ake faɗarsa.